Fayawol na kyauta a gida ko ƙaramin ofis a Katsina: wanne za ka ɗora, kuma ta yaya

Masu shagunan kwamfuta, masu makarantun kuɗi da magidanta daga cikin Katsina har Daura suna yawan turo min tambaya kusan iri ɗaya. Data tana ƙarewa ba a san inda ta bi ba, kalmar sirrin Wi-Fi ta zagaye unguwa, yara na shiga inda bai kamata ba, to wane fayawol ne zai yi magani: pfSense, OPNsense, OpenWrt ko IPFire? Dukkan huɗun kyauta ake saukewa, kuma lambobin da aka rubuta su da su a buɗe suke ga duk mai son dubawa. Fayawol tamkar maigadi ne a bakin ƙofa, duk abin da zai shiga ko ya fita tsakanin na'urorinka da intanet sai ya bi ta gabansa. Shawarata ita ce kada ka fara zaɓe daga jerin abubuwan da kowace manhaja ke iya yi. Ka fara daga wutar da kake da ita, da na'urar da za ta jure zafinmu da ƙurarmu, da wanda zai riƙa duba ta bayan an kafa.

1. Duba irin layin da ke shigo maka

Shiga shafin rautar da kamfanin sadarwa ya ba ka, ka nemi inda aka rubuta WAN IP, wato adireshin da layinka ke fita intanet da shi. In adireshin ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, to ba naka ne kai kaɗai ba, kai da jama'a da yawa kuke fita ta adireshi guda. Haka akasarin layukan 4G da 5G na MTN, Airtel da Glo suke, haka ma Starlink na gida, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023. Ana kiran wannan tsari CGNAT.

Abin da wannan ke nuna maka abu biyu ne. Na farko, da wuya wani daga waje ya ƙwanƙwasa maka ƙofa kai tsaye, saboda haka babban aikin fayawol ɗinka zai kasance a ciki ne: wa ke cin data, wa zai shiga, ina za a hana zuwa. Na biyu, buɗe ƙofa don ka riƙa kallon kyamarorin shagonka daga gida ba zai yi aiki ba, ko wane fayawol ka ɗora.

Gargaɗi: kada ka taɓa manhajar cikin rautar kamfanin sadarwa da niyyar ɗora mata OpenWrt. Mafi yawansu ba sa karɓa, kuma in ta mutu ka yi asarar layinka. Bar ta yadda take, fayawol zai zauna a bayanta.

2. Yi lissafin wuta kafin lissafin kuɗin na'ura

Nan ne mutane suka fi faɗuwa. Za ka ga ana cewa ka ɗauko tsohuwar kwamfutar tebur da ke ajiye ka mai da ita fayawol, ba ka kashe ko kwabo ba. Gaskiya ne za ta yi aikin, amma fayawol ba a kashe shi, dare da rana yake kunne. A ce tsohuwar kwamfutar tana jan wat 60. A awa 12 na dare ta sha wat-awa 720. Batir ɗaya mai bolt 12 da 200Ah yana ɗauke da wat-awa 2,400 a rubuce, kuma in kana son ya daɗe rabi kawai za ka riƙa sha, wato 1,200. Ka ga kwamfutar nan ita kaɗai ta cinye fiye da rabin abin da batirin zai ba ka, ba a zo maganar fanka, fitila da cajin waya ba. In a mita kake, wat 60 dare da rana ya kai yunit 43 a wata.

Ƙaramar kwamfutar nan mara fanka, mai ramukan kebul biyu zuwa huɗu, tana jan wat 10 zuwa 15. A dare guda ba za ta wuce wat-awa 180 ba, a wata kuma wajen yunit 11. Rauta ta gida kuwa da ƙyar take kai wat 10. Ƙarin alheri shi ne yawancin waɗannan biyun da bolt 12 suke aiki, saboda haka ƙaramin UPS na rauta zai riƙe su lokacin da aka ɗauke wuta ana ƙoƙarin tayar da janareta. Mai Starlink ya tuna cewa ita kanta tana jan wat 50 zuwa 100, kada ya ƙara wa inbatarsa wani nauyin a banza.

3. Zaɓi manhaja

OpenWrt ita ce ta gida. Linux ce da aka ƙera don ta zauna cikin rauta, tun 2004 ake gina ta. Ita ce a cikin huɗun ta fi sauƙin ba ka fayawol da Wi-Fi a akwati ɗaya, da wuta kaɗan, kuma ɗauke wuta ba ya cika lalata ta. Gidan da ke da wayoyi goma zuwa ashirin, talabijin da laftof, ba ya buƙatar abin da ya wuce ta. Wahalarta a wajen ɗorawa take, kuma shafinta, LuCI, bai da kyan gani sosai.

OPNsense ita nake ba mai shagon kwamfuta, makaranta, ƙaramin asibiti ko masaukin baƙi shawarar ɗauka. Ta ɓalle daga pfSense a Janairun 2015, kamfanin Deciso na ƙasar Holan ke kula da ita, kuma tana fitar da babban sabon zubi sau biyu a shekara, Janairu da Yuli, shi ya sa za ka ga lambobi irin 25.1 da 25.7. Tikitin shiga Wi-Fi, iyakance gudu, haɗa layi biyu, rahoton wanda ya ci data, duk suna ciki tun farko. Sai dai tana son kwamfuta tata, da RAM 4GB, 8GB ya fi.

pfSense ita ce yayarta, dukkansu kan FreeBSD suke, wani tushen manhaja ne irin Linux. Kamfanin Netgate na Amurka ke riƙe da ita, kuma iri biyu ce: CE ita ce buɗaɗɗiya ta kyauta, Plus kuwa ta kasuwanci ce. Darussanta a YouTube suna da yawa, kuma pfBlockerNG da ake ƙara mata ya ƙware wajen toshe shafuka. Abin da ke rage min sha'awarta a nan shi ne hanyar saukewa: sai ka buɗe asusu a shafin kamfanin, kuma mai ɗorawar yana buƙatar intanet a lokacin da ake ɗorawa. In wanda zai kula maka da ita ya riga ya iya pfSense, bar shi da abin da ya sani.

IPFire Linux ce, ta fi karɓar katunan kebul iri-iri, kuma RAM 1GB ya ishe ta farawa. Ta raba komai da launi: ja intanet, kore na'urorin ciki, shuɗi Wi-Fi, ruwan lemo saba (server), wato kwamfutar da ke yi wa wasu hidima. Wannan ya sa ta yi daɗin koyarwa. Amma layi ɗaya take ɗauka a ɓangaren ja, kuma a garin da layi kan ɓace da rana tsaka wannan ba ƙaramin naƙasu ba ne.

Wasu kan tambaye ni MikroTik. Na'ura ce mai kyau, amma manhajarta ba buɗaɗɗiya ba ce, saboda haka ba ta cikin wannan lissafi.

4. Sayen na'ura

In OpenWrt ka zaɓa, kada ka sayi rauta sai ka juya ta ka karanta takardar da ke manne a ƙasa. Sunan samfuri kaɗai bai isa ba, akwai ƙaramin rubutu irin Ver 2.0 ko v5 a gefensa. Rauta biyu masu suna ɗaya da kwali ɗaya na iya ɗauke da kayan ciki daban, ɗaya ta karɓi OpenWrt ɗaya ta ƙi. Tun kana tsaye a shagon, buɗe firmware-selector.openwrt.org a wayarka ka rubuta sunan da lambar. In ba ta fito ba, ajiye ta. Nemi mai ma'ajiya 16MB da RAM 128MB ko fiye. Tsofaffin nan masu 4MB da 32MB an daina tallafa musu. TP-Link Archer C7 tsohuwa ce amma sananniya a wannan aiki, rautocin GL.iNet kuwa da manhajar da aka gina kan OpenWrt suke zuwa.

In OPNsense ko pfSense ne, tambaya ɗaya za ka yi wa mai sayarwa: ramukan kebul ɗin na Intel ne ko na Realtek? Na Intel, irin su i210, i211 da i226, su ne FreeBSD ta fi jituwa da su. Na Realtek kan yanke idan aiki ya yi yawa. Abin da ake maƙalawa a USB don ƙara rami kuwa, ka rabu da shi. Irin wannan ƙaramar kwamfuta ba kullum ake samunta a shagunan Katsina ba, sau da yawa sai an aika Beirut Road a Kano ko Computer Village a Legas, kuma farashinta da dala yake tafiya. Sa kuɗin suwic, kebul, filash mai 8GB da rautar Wi-Fi a cikin lissafinka tun farko.

Gargaɗi: a Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, kuma na'ura mara fanka da jikinta take fitar da zafi. Kada a kulle ta a durowa, kada a ɗora takardu a kanta. Mai fanka kuma a riƙa hure mata ƙura, musamman bayan hunturu.

5. Tsara adireshi tun kafin ka jona komai

OpenWrt, OPNsense da pfSense duk da 192.168.1.1 suke zuwa a ɓangaren ciki. Rautar Starlink ma wannan adireshin take amfani da shi, haka wasu rautocin kamfanoni. In adireshin ciki da na waje suka zo ɗaya, fitilu za su kama, Wi-Fi zai nuna ya haɗu, amma ko shafi ɗaya ba zai buɗe ba. Saboda haka ka yanke shawara tun yanzu: ɓangaren ciki ya zama 192.168.50.1, na baƙi 192.168.60.1. Rubuta a takarda. Ɗauki salatif ka liƙa a kan ramukan na'urar, ka rubuta WAN a na waje, LAN a na ciki.

6. Ɗora OpenWrt

Sauke fayil ɗin da aka rubuta factory, ba sysupgrade ba. Na farkon shi ne na sauya manhajar kamfani, na biyun na sabuntawa ne daga baya. Karanta shafin samfurinka a openwrt.org, domin wasu rautocin suna da tasu hanyar ta daban. Jona laftof da kebul, shiga shafin rautar, je wajen sabunta manhaja, zaɓi fayil ɗin, ka jira.

Gargaɗi: in wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutawa, rautar na iya mutuwa. Yi wannan aiki a kan inbata ko UPS, kuma kada ka cire komai sai ta sake tashi da kanta.

Bayan ta tashi ba za ka ga Wi-Fi ba, a kashe yake zuwa, ba lalacewa ta yi ba. Shiga 192.168.1.1 ta kebul da sunan root, babu kalmar sirri, kuma abu na farko shi ne ka sa mata ɗaya. Canja adireshin LAN zuwa wanda ka rubuta, sannan a Network, Wireless, ka zaɓi ƙasa NG, ka sa WPA2 ko WPA3 da doguwar kalmar sirri, ka kunna.

7. Ɗora OPNsense

Sauke hoton da aka rubuta vga daga opnsense.org, bai kai 1GB ba. A matse yake zuwa, ka warware shi da 7-Zip, ka rubuta shi a filash da Rufus ko balenaEtcher. Kafin ka ci gaba, shiga BIOS ɗin kwamfutar ka nemi saitin da ake kira Restore on AC Power Loss, ko makamancin haka, ka mai da shi Power On. In ba ka yi ba, duk lokacin da wuta ta dawo sai wani ya je ya danna maɓalli, kuma ranar da ba ka nan shagon zai wuni ba intanet.

Tayar da kwamfutar daga filash. Baƙin allo zai yi ta zuba rubutu har ya tsaya a login. Rubuta installer, kalmar sirri opnsense. Da ya tambaye ka tsakanin ZFS da UFS, wato tsarin ajiye fayiloli a faifai, ɗauki ZFS. Wannan zaɓi ya fi mana muhimmanci fiye da mutanen ƙasashen da ba a ɗauke musu wuta, domin ZFS ya fi jure mutuwar ba-zata ba tare da fayiloli sun lalace ba. Zaɓi faifan da za a ɗora a kai, ka tabbata ba filash ɗin ka zaɓa ba, sa sabuwar kalmar sirri, cire filash, sake kunnawa.

A allon da zai fito, lamba 1 ta raba ramuka ce, lamba 2 ta sa adireshi. OPNsense takan ɗauki ramin farko a matsayin LAN, pfSense kuwa WAN take ɗaukarsa, kuma wannan na rikita wanda ya saba da ɗayar. Hanya mai sauƙi: soka kebul a rami ɗaya, ka duba sunan da allon ya ce ya tashi, igc0 ne ko igc1, ka rubuta a salatif ɗin. Daga nan ka shiga ta burauza da https da adireshin LAN. Za ta yi maka kashedin cewa ba ta amince da takardar shaida ba, wuce kawai, na'urarka ce. A saitin farko zaɓi lokacin Africa/Lagos, in ba haka ba tikiti da jadawali za su riƙa saɓa agogo. Matakan pfSense kusan haka suke. IPFire kuwa ta lamba 444 ake shiga shafinta, sai ka ƙara :444 a bayan adireshin.

8. Wi-Fi da raba baƙi

FreeBSD ba ta da ƙarfi a harkar Wi-Fi, saboda haka mai OPNsense ko pfSense ya sa rauta daban ta yi wannan aikin. Shiga cikinta ka kashe DHCP, wato mai raba wa na'urori adireshi, ka ba ta adireshi irin 192.168.50.2, ka soka kebul ɗin fayawol a ramin LAN ɗinta, ba WAN ba. In ka bar DHCP biyu suna raba adireshi, wasu wayoyi za su samu intanet wasu su rasa, gobe kuma lamarin ya juya.

Kashe Wi-Fi ɗin rautar kamfanin sadarwa gaba ɗaya. Wannan shi ne kuskuren da ya fi ɓata aikin: an kafa fayawol, an yi dokoki, amma duk wanda ke da tsohuwar kalmar sirri yana zagayewa ta baya. Mai Starlink zai iya kunna Bypass Mode a manhajar wayarsa.

Kwamfutar da ake ajiye sakamakon ɗalibai, bayanan marasa lafiya ko lissafin shago kada ta zauna layi ɗaya da wayoyin kwastomomi. Ware wa baƙi rami na uku da tasu rautar, ka yi doka biyu a jere: ta farko ta hana su zuwa 192.168.50.0/24, wato duk ɓangaren ciki, ta biyu ta ba su intanet. Daga sama ake karanta dokoki, wadda ta fara dacewa ita ke aiki, saboda haka hanin ne a sama.

9. Kama ɓarawon data, sannan ka iyakance

Kada ka yi saurin kafa dokoki. Bar na'urar ta yi mako tana ƙirga. A OpenWrt ka ƙara luci-app-nlbwmon, a OPNsense ka kunna NetFlow ka duba Reporting, Insight. Sau da yawa ba mutum ba ne ke cinye datar: kwamfutoci ne ke sauke sabuntawar Windows kowacce da kanta, wayoyi na tura hotuna da bidiyo zuwa ma'ajiyar Google da zarar sun ji Wi-Fi, talabijin na jan bidiyo a mafi girman inganci.

Da ka gane, sai iyakancewa. A OPNsense je Firewall, Shaper, ka yi bututu (Pipe) mai 2Mbps misali, ka sa mask ɗinsa a destination domin kowace na'ura ta samu nata kason maimakon duka su raba guda. A OpenWrt kuwa luci-app-sqm shi ne abin da ya fi amfani: yana hana mai sauke babban fayil danne mai kiran WhatsApp ko mai cike fom ɗin JAMB. Auna gudun layinka da daddare bayan isha'i, lokacin da jama'a suka yi yawa a kai, ka sa kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari na wannan. In ka sa gudun asuba, saitin ba zai yi komai ba a lokacin da ake buƙatarsa.

Mai sayar da Wi-Fi ga ɗalibai a kusa da Jami'ar Umaru Musa Yar'adua ko kwalejin Hassan Usman ya daina raba kalmar sirri, ya koma tikiti. A OPNsense ana ƙirƙirar sabar Voucher a System, Access, Servers, sannan a haɗa ta da Captive Portal. Za ta fitar da tikitoci na awa ɗaya, wuni ko mako, ka buga ka yayyanka.

Toshe shafukan batsa da caca ta DNS ake yi, wato tsarin da ke mai da sunan shafi adireshi: Blocklist a ƙarƙashin Unbound DNS a OPNsense, adblock a OpenWrt, ko ka sa 1.1.1.3 na Cloudflare a matsayin DNS, sai dai shi yana toshe batsa amma ba ya toshe caca. Ina son iyaye su ji wannan da kyau: yaron da ya sa VPN a wayarsa, ko ya kunna datar layinsa, ya wuce wannan shinge. Toshewar na kare ƙanana daga faɗawa cikin abin da ba su nema ba, kuma wannan ma babban abu ne, amma ba ta ɗauke wa uba da uwa sa ido.

Suricata, mai farautar masu kutse, ka bar shi a kashe a farko. Yana cin RAM, yana zafafa na'ura, kuma yawancin abin da ke wucewa yau a rufe yake, ba ya ganin cikinsa.

10. Layi biyu

In sana'arka ba ta jure yankewa, jona layi na biyu daga wani kamfani daban. A OPNsense ka ba kowane layi adireshin da zai riƙa gwadawa, 8.8.8.8 ga ɗaya, 1.1.1.1 ga ɗayan, ka haɗa su a System, Gateways, Group, babban layi Tier 1, na ko-ta-kwana Tier 2. Sannan ka koma dokar LAN ka zaɓi wannan rukuni a matsayin gateway, ka kuma sa dokar da ke barin na'urori su kai ga DNS ɗin fayawol a samanta. Mutane da yawa kan manta da wannan, layin farko ya faɗi na biyu bai ɗauka ba. A OpenWrt mwan3 ke wannan aiki. Gwada da hannunka: zare kebul ɗin babban layi ka ga ko shafi zai buɗe.

Don kallon kyamara ko shiga fayawol daga nesa a layin CGNAT, manhajar Tailscale na bi ta wannan shinge ba tare da buɗe ƙofa ba. Shafin sarrafa fayawol kuwa kada ka taɓa buɗe shi ta ɓangaren WAN.

11. Kwafin saiti da sabuntawa

Ranar da komai ya daidaita, sauke kwafin saitin: System, Configuration, Backups a OPNsense; Diagnostics, Backup & Restore a pfSense; System, Backup / Flash Firmware a OpenWrt. Ƙaramin fayil ne, amma kalmomin sirrinka na ciki, saboda haka ba a tura shi a guruf. Ajiye a filash biyu, ɗaya a gida ɗaya a shago, tare da filash ɗin da ka ɗora manhajar da shi. In tsawa ta ƙone na'ura da damina, da wannan fayil za ka tayar da sabuwa cikin awa guda. Kebul ɗin da ya bi ta waje tsakanin gini biyu shi ya fi janyo wannan, a sa masa abin kariyar tsawa ko a zare shi in hadari ya taso.

Duba sabuntawa sau ɗaya a wata, bayan an tashi aiki, batir na cike. Babban zubin Janairu da Yuli na OPNsense ka ba shi makonni kafin ka hau, kuma ka ɗauki Snapshot tukuna don ka iya komawa baya. A OpenWrt sabuntawa ta yau da kullum tana share ƙarin manhajojin da ka sa, saboda haka ka yi amfani da Attended Sysupgrade, ko ka rubuta sunayensu ka sake sa su. In wani ne ya kafa maka, kada ka cika masa kuɗin aikinsa sai ya ba ka kalmar sirrin root da fayil ɗin kwafin, ka kuma shiga da su a gabansa ka tabbatar suna aiki.